Ƙugiyar da ba ta buɗuwa da yatsa ɗaya

Ni walda ce sana'ata, kuma rabin aikina a sama yake: rufin sito, rumfar gidan mai, tankin ruwa mai dogayen ƙafafu. Bara aka ba mu rufin wani sito a Sharaɗa, injiniyan wurin ya ce ba mai hawa sai da rigar ɗamara da igiyarta. Dole ta sa na sayi saiti biyu, ni da babban yarona. Rigar ba ta da wani labari. Ƙugiyar da ke bakin igiyar ce kowa ke ɗauka yana jujjuyawa, yana tambaya wai ta mece ce. Wani ya ce ta jan mota ce, wani lebura kuwa har ya nemi aronta zai ja bokitin kwaɓi zuwa sama. Na hana shi. Wannan ƙugiya aikinta ɗaya ne tak: ta riƙe mutum idan ƙafarsa ta zame.

Ta ƙarfe ce, ta fi tafin hannu tsawo, bakinta kuma yana buɗewa har ya haɗiye bututun sikafol, wanda kaurinsa milimita 48 ne da 'yan kai. Tana da harshe mai sifirin kamar sauran ƙugiyoyi, amma a gadon bayanta akwai wani maɓalli. In ka danna harshen shi kaɗai, ko motsi ba zai yi ba. Sai ka matse maɓallin da tafin hannu tukuna, sannan yatsunka su ja harshen. Kana saki, ka ji ƙas, ta rufe ta kuma kulle kanta.

Da farko yarona cewa ya yi wannan ɓata lokaci ne. Sai na ɗauko wata tsohuwar ƙugiya mai sifirin kawai, na maƙala ta a zoben ƙarfe, na murɗa ta gefe ɗaya na ja. Zoben ya hau kan harshen, ya danne shi, ƙugiyar ta zame ta fita a hannuna, ba wanda ya taɓa ta. Na yi wa sabuwar haka, na murɗa iya ƙarfina, ta ƙi. Abin da ake biyan kuɗi dominsa ke nan. Mutumin da ke sama ba a tsaye yake ƙyam ba. Yana sunkuyawa, yana juyawa ya karɓi ƙarfe, yana tsallake gungume, igiya na sassautawa tana ɗamewa, ƙugiya na birgima a inda aka rataye ta, shi kuwa idonsa na kan wuta. Mai sifirin kawai tana iya fita bai sani ba, ya ci gaba da aiki da igiya tana reto a bayansa. Saboda irin wannan ne hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta haramta marar kulle a aikin gini tun 1 ga Janairun 1998, kuma a ranar ce ta hana dogaro da bel ɗin ƙugu shi kaɗai wajen tare faɗuwa.

A jikin tawa an zana EN 362, wato ƙa'idar Turai ta irin waɗannan ƙugiyoyi, da lambar ƙarfinta. Ƙa'idar Amurka ta ce jikin ƙugiya ya jure kN 22 (kN ma'aunin ƙarfin ja ne), kimanin kilo 2,200 ke nan, harshen kuma ya jure kN 16. Wani zai ce ina ruwan mutum mai kilo 70 da tan biyu? Ai nauyin mai faɗowa ba nauyin mai tsayuwa ba ne, fizgar da igiya ke yi lokacin da ta tare shi ta ninka nauyinsa sau da yawa. Shi ya sa aka ɗinka wani ƙunshi a gindin igiyar, wanda ke yagewa a hankali ya shanye fizgar, kada ta wuce kN 6 a jikin mutum, bisa ƙa'idar Turai.

Igiyata mai reshe biyu ce, kowane da ƙugiyarsa. In zan matsa gaba, sai na maƙala ta biyu kafin in cire ta farko. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, don a wajen canza wuri akan samu tsautsayi.

Tana da nata aibin. Nauyi gare ta. Guda biyu suna dukan cinyarka tun safe, kafin la'asar ka san ka ɗauki kaya. Da safar hannu ta walda mai kauri, matse maɓallin sai an saba. In ta sha ranar Afrilu kuwa, hannu tsirara ba ya iya riƙe ta. Babbar matsalar ita ce ƙurar hunturu: tana shiga wajen sifirin, harshen ya riƙa komawa da nawa, wani lokaci ya tsaya bai kai ƙarshe ba. Ruwa da ɗan sabulu nake wanke ta da shi, in busa mata iskar kwamfuresa, ta bushe a inuwa. Kada a zuba mata baƙin mai, ƙura yake tarawa. Na ga masu naɗe maɓallin da salatif don ta riƙa buɗuwa da sauri. Wallahi gara su bar ta a ƙasa, aƙalla za su san ba abin da ke riƙe da su.

Mu 'yan walda muna da ƙarin damuwa: tartsatsi yana huda igiyar roba. Kullum sai na bi ta da yatsa kafin in hau.

Wajen ratayawa ma da ƙa'ida. A sama da kai ake nema, a jikin ƙarfen da ya zauna, ba bututun ruwa ko rodin da ke leƙe ba. Ba a maƙala ƙugiya a cikin 'yar'uwarta, ba a kuma zagaya gungume da igiya a dawo a maƙala ta a jikin igiyar, sai irin wadda aka ƙera don haka. A kuma lissafa sararin ƙasa: igiyar mita 2, ƙunshin nan zai iya warwarewa har mita 1.75, ga tsawon mutum. In babu kusan mita 6 a ƙasan wurin da ka rataya, za ka riga igiyar isa. Wadda kuma ta taɓa tare mutum sau ɗaya ta gama aikinta, ko da ido bai ga lahani ba.

Kuɗinta ya fi na gama-gari nesa ba kusa ba, amma da zan sake saye, ita zan saya, sai dai in nemi ta alminiyom saboda nauyi. In ka je shago, danna harshen shi kaɗai da babban yatsa. In ya motsa, ajiye. Sannan ka buɗe ta ka saki a hankali, ba da ƙarfi ba, ka ga ko za ta kulle da kanta. Ka duba lambar a zane take a jikin ƙarfen, ba a takardar da aka liƙa ba.