Sharhi kan College Football 25: wasan da ya zo daidai lokacin da taswira ta sauya

Shekara 11 masoya ƙwallon Amurka ta jami'o'i suka yi ba su ga sabon wasan bidiyo na gasarsu ba, tun daga NCAA Football 14 na 2013, saboda shari'ar da aka yi kan amfani da kamannin ɗalibai 'yan wasa ba tare da biyansu ba. Da kamfanin EA Sports ya fitar da College Football 25 a Yulin 2024, bayan ya ba kowane ɗan wasan da ya amince dala 600 da kwafin wasan, sai ya tarar da gasar da ya bari ta sauya kamanni gaba ɗaya.

Jami'o'in gasar a kashe suke rukuni-rukuni, kuma a 2024 jami'o'in Texas da Oklahoma suka koma rukunin SEC, USC da UCLA da Oregon da Washington suka shiga Big Ten har ya kai jami'o'i 18, sannan Big 12 ya karɓi Arizona da Arizona State da Utah da Colorado. Rukunin Pac-12, wanda tarihinsa ya haura shekara ɗari, aka bar shi da Oregon State da Washington State kaɗai. Wasan ya ɗauko wannan sabon tsari yadda yake, da jami'o'i 134 da zagayen ƙarshe mai ƙungiyoyi 12, kuma a ganina wanda rikicin ya ruɗe shi zai fi saurin fahimta idan ya buga kaka ɗaya a ciki fiye da ya karanta jadawali goma.

Sashen Dynasty ne ƙashin bayan wasan. Mutum yana zama koci, yana raba sa'o'insa na mako wajen zawarcin ɗaliban sakandare, a ƙarshen kaka kuma ya ga gwanayensa suna neman sauya makaranta idan ba a cika musu alkawari ba. Na ɗauki jami'ar Boise State, na kai ta baƙunta filin jami'ar Texas A&M, inda ihun 'yan kallo ya sa allon ya riƙa girgiza, layukan da ke nuna hanyar gudun 'yan wasana suka karkace, har na jefa ƙwallo hannun abokin hamayya sau biyu kafin hutun rabin lokaci. A nan ne ƙaramar makaranta take gane bambancin da ke tsakaninta da manya, kuma masu wasan sun yi aikin a zo a gani wajen kwaikwayon wannan.

Inda wasan ya gaza shi ne nuna dalilin sauyin rukunan. Wasan ya ba mutum damar kwashe jami'a daga wannan rukuni zuwa wancan da danna maɓalli, har ya iya farfaɗo da Pac-12 cikin minti biyar, alhali abin da ya rusa rukunin kuɗin talabijin ne. Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar kusan dala biliyan 7 ta shekara bakwai da Fox da CBS da NBC, Pac-12 kuwa ya kasa samun mai sayen wasanninsa da farashin da zai riƙe manyansa. Babu alamar wannan lissafi a wasan, kuma babu wahalar tafiyar kusan kilomita 4,000 da ɗaliban UCLA kan yi zuwa Rutgers. Babu kociyoyi na gaskiya ma, sai a fitowar shekarar da ta biyo baya aka shigo da su, wanda ke nufin Curt Cignetti, mutumin da ya kai Indiana ga nasara 11 a 2024, ba ya cikinsa. Kakar 2024 ta nuna cewa zahiri ya fi na'ura ban mamaki, domin Arizona State da aka yi hasashen za ta zo ta ƙarshe ita ta lashe Big 12, jami'ar SMU kuma ta kai zagayen ƙarshe a shekararta ta farko a rukunin ACC.

An sayar da shi dala 70 lokacin fitowarsa, a kan PlayStation 5 da Xbox Series X da S kaɗai, don haka mai kwamfuta sai haƙuri. Mai ɗaya daga cikin waɗannan na'urori, idan ya same shi da rahusa yanzu da sabo ya fito, ba zai yi asarar kuɗinsa ba.