Wayar koaksiyal da ta lalace bayan gyaran eriya: a yanke a haɗa, ko a sauya ta duka?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya cewa bayan ya sauke eriyarsa ya gyara ya mayar, ma'aunin SWR, wanda ke nuna yawan siginar da ke dawowa rediyo maimakon ta fita ta eriya, ya tashi daga 1.3 zuwa sama da 3, kuma ya ga wayar koaksiyal ɗinsa nau'in RG-213, wadda ke haɗa eriya da rediyo, ta lotse a inda ƙarfen sandar ya danne ta. Yana son sanin ko zai yanke wurin ya haɗa, ko kuwa ya sayi sabuwa.

Malam, kafin ka ɗauki wuƙa, ka fara tabbatar da cewa laifin na wayar ne. Cire ta daga eriya da rediyo duka, domin wasu eriyoyin an gina su ne yadda multimita za ta nuna kamar wayoyin sun haɗe alhali lafiyarsu lau. Idan ƙarshen wayar a buɗe yake, bai kamata mita ta nuna wata alaƙa tsakanin wayar tsakiya da saƙar tagullar da ke kewaye da ita ba. Idan ka haɗe su a can ƙarshen, ya kamata ta nuna kusan sifiri. Sai dai multimita wutar batir kawai take aunawa, ba ta ganin lotsewar da ta canza ohm 50 ɗin wayar, wato ma'aunin tirjiyarta ga siginar rediyo. Saboda haka ka mayar da wayar jikin rediyo, ka ɗaura lodin gwaji mai ohm 50, wato na'urar da ke shanye sigina, a madadin eriya, domin waya mai lafiya za ta nuna SWR kusan 1:1. Wanda yake da NanoVNA, ƙaramar na'urar gwajin eriya da waya, yana iya gano nisan da matsalar take, muddin ya shigar da adadin saurin sigina na wayar, wanda a wayoyin RG-213 da RG-58 0.66 ne.

Yankewa a haɗa yana da ma'ana idan ɓarnar ta tsaya wuri guda, wato dannewa ko lanƙwasa mai tsanani da ta matso da wayar tsakiya kusa da saƙar. Za ka yanke har sai ka kai inda tagullar take sheƙi, ka sa mahaɗi nau'in PL-259 a kowane gefe, ka haɗa su da mahaɗin tsakiya na PL-258. A zangon HF, wato gajeren zango, asarar irin wannan haɗi ba ta taka kara ta karya ba, amma a 430 MHz mahaɗi nau'in N ya fi dacewa, domin shi yana riƙe ohm 50 daidai. Aibin wannan hanya shi ne ka ƙara wa ruwa ƙofa, don haka dole ka naɗe wurin da tef ɗin roba mai manne kansa, sannan ka bi da tef ɗin lantarki domin kare shi daga rana.

Sauya waya kuwa ya zama dole idan fatar ta tsage kuma ruwa ya shiga. Saƙar tagulla tana jan ruwa kamar lagwani, ya yi tafiya mai nisa daga inda ya shiga. Na taɓa fere wata waya da take sumul a waje, na tarar da saƙarta ta yi baƙi da kore, tana barin gari a yatsa, kuma dalma ta ƙi kama ta sam. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne irin wannan waya tana iya nuna SWR mai kyau, saboda tana cinye siginar da ta dawo kafin ta iso ma'aunin SWR, alhali asarar 3 dB kaɗai tana nufin rabin ƙarfin rediyonka ya zama zafi a hanya.

A yanayinka, tunda SWR ya tashi ne nan take bayan aikin, na fi zargin dannewar, ko kuma mahaɗin da ke gindin eriya wanda wataƙila ya sha ja lokacin saukewa. Fara duba mahaɗin, sannan ka yanke inda ya lotse ka kalli saƙar da idonka. Idan tana sheƙi a ɓangarorin biyu, haɗa ka sake gwadawa da lodin gwaji. Idan ka yanke mita ɗaya ko biyu baƙin bai ƙare ba, ka sauya ta duka.