Songkran ko Loi Kratong: Wane Lokaci Ya Fi Dacewa a Je Pattaya da Iyali?

Alhaji, tunda da Hajiya da yara za ka je Pattaya, garin bakin teku a ƙasar Tailan, kuma zaɓin naka tsakanin bikin Songkran na watan Afrilu ne da bikin Loi Kratong na watan Nuwamba, shawarata ita ce ka ɗauki Nuwamba, kada ka tsaya dogon tunani.

Loi Kratong yana faɗowa ne a daren da wata ya cika a wata na 12 na kalandar gargajiyar Tailan, don haka ranarsa tana sauyawa kowace shekara: a 2024 ya zo ranar 15 ga Nuwamba, a 2025 kuma ranar 5 ga wata. A lokacin damina ta fara janyewa, zafi ya ragu, mutum yana iya tafiya a ƙafa a bakin teku bayan magariba ba tare da ya jiƙe da gumi ba. Ni a gaɓar Jomtien na gan shi, wadda ke kudu da tsakiyar gari, kuma ta fi natsuwa nesa ba kusa ba. Tun la'asar mata suka jera tebura suna haɗa kratong, wato ɗan kwandon furanni da ake turawa a kan ruwa, a gaban mai saye. Wata dattijuwa da na tsaya a wurinta ta yanko guntun kututturen ayaba wanda faɗinsa bai wuce ƙaramin faifai ba, ta naɗe gefensa da ɗanyen ganyen ayaba tana kafe shi da ƙananan ƙusoshi, sannan ta jera furanni, ta soka kyandir ɗaya da tsinken turare uku a tsakiya. Da ta fahimci kallo kawai nake yi, ba ta ɓata rai ba, sai ma ta jawo mini kujera, ta sa jikarta ta nuna mini yadda ake lanƙwasa ganyen. Da dare ya yi, iyalai suka riƙa sauka bakin ruwa, uba riƙe da hannun ɗansa, su kunna kyandir, su yi shiru na ɗan lokaci, su tura abin a kan ruwa.

Ya kamata ka san asalin abin kafin ka je. A wurinsu girmamawa ce da neman afuwar abar bautarsu ta ruwa, wasu har suna saka kwabo ko silin gashi ko yankan farce a ciki da niyyar rabuwa da rashin sa'a. Saboda haka mu Musulmi iyakarmu kallo, kuma babu wanda zai matsa maka ka sa hannu. Garin yana da masallatai da gidajen abinci na halal, domin akwai Musulmi 'yan ƙasa da suka daɗe a yankin.

Songkran kuwa na taɓa biyan kuɗin jirgi da masauki dominsa, kuma ba zan sake ba. Ba na musun darajarsa: shi ne sabuwar shekararsu ta gargajiya, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2023, kuma a cikin gidaje matasa suna zuba wa dattawa ruwan ƙamshi a hannu don neman albarka. Sai dai baƙo ba wannan yake gani ba. Abin da ke jiransa a titi shi ne bokitin ruwan ƙanƙara da farin ƙulli a fuska, a watan da ya fi kowanne zafi, kuma a Pattaya abin ba ya ƙarewa sai ranar Wan Lai, wato babbar ranar watsa ruwa ta garin, 19 ga wata. Mace mai hijabi ba za ta ji daɗin wannan makon ba, ga haɗurran mota da ke ƙaruwa har hukumomin ƙasar suna kiran lokacin kwanaki bakwai masu haɗari.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka game da macuta. Duk dillalin tafiye-tafiye da ya nuna maka hoton dubban fitilu suna tashi sama ya ce abin da za ka gani ke nan a Pattaya, yaudararka yake yi, domin wancan bikin Yi Peng ne na Chiang Mai, can arewacin ƙasar. Masu tallar irin fitilun a bakin teku ma ba za su faɗa maka cewa an hana sakinsu a wurare da yawa ba. Kallon biki a gaɓar teku kyauta ne, kada wani ya sayar maka da tikitin shiga. Masu ba da hayar babur ɗin ruwa kuma sun yi ƙaurin suna wajen nuna tsohuwar karcewa su ce kai ka yi, don haka kada ka miƙa wa kowa fasfo ɗinka a matsayin jingina.

Ka tabbatar da ranar bikin ta shekarar da za ka je kafin ka yanki tikiti, ka kama masauki a Jomtien da wuri, sannan ka ware kimanin awa biyu na tafiyar mota daga Bankok, babban birnin ƙasar.