Kantin takubban sojan Japan: inda ake yarda a cire ƙota

Sau uku na je wani ƙaramin kantin tsofaffin kayan soja a arewacin Ingila, kuma a zuwa na uku ne na sayi takobin hafsan sojan ƙasa na Japan, samfurin 98, irin wanda aka fara ƙerawa a 1938. Yaƙin Bama ne ya ja ni ga wannan harka, domin dakarun Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, sun gwabza da Japanawa a Kaladan da Arakan a 1944 da 1945, ni kuwa na daɗe ina son in riƙe irin makamin da suka gani a kugun abokan gaba.

Babban abin yabo ga mai kantin shi ne bai taɓa hana mai saye ganin abin da ke cikin ƙota ba. A gabana ya ture 'yar ƙusar gora da ke riƙe da ita, ya bubbuga wuyan hannunsa, sai ƙotar ta zame, gindin ƙarfen da Japanawa ke kira nakago ya bayyana, baƙi ƙirin da tsohuwar tsatsa. A gefe guda an sassaƙa sunan maƙeri, a ɗaya gefen kuma an rubuta shekara ta 17 ta zamanin Showa, wato 1942. Can sama da sunan akwai ƙaramin hatimin Seki, garin maƙera na lardin Gifu, kuma tun ban tambaya ba ya gaya mini cewa wannan hatimi alama ce ta takobin da ba a ƙera bisa tsarin gargajiya ba, don haka kada in ɗauka na sayi aikin da aka yi da tamahagane, wato ƙarfen da Japanawa ke narkawa ta hanyar gargajiya don ƙera takubba. Ya ɗauko wani mai hatimin tauraro, aikin maƙeran da rundunar soja ta amince da su kuma take ba su wannan ƙarfe, ya jera su a ƙarƙashin fitila, har na ga yadda zanen da ke bin kaifin na biyun yake da rai, nawa kuwa fari ne fayau ba wani motsi a cikinsa. Kuɗin mai tauraron ya ninka nawa, kuma bayan wannan gwaji ban ga dalilin yin gardama ba.

Yana da samfurin 95 guda biyu, na su saje da kofur, masu ƙotar alminiyam da aka yi wa fenti ta yi kama da naɗin zare. Lambar da ke jikin kowane ta yi daidai da ta bakin kubensa, wanda shi ne abu na farko da ake dubawa, tun da jabun wannan samfuri sun cika kasuwa.

Sai dai kantin bai rasa abin zargi ba. Takobin da na saya yana rataye da tuntu mai ruwan ƙasa da ja, na masu muƙamin manjo zuwa kanar, alhali ƙananan hafsoshi ruwan ƙasa da shuɗi suke ɗaurawa. Sai da na matsa kafin ya yarda cewa daban ya sayo tuntun ya ɗaura, kuma babu wanda ya san muƙamin mai takobin na asali. Ya rage mini kuɗi, amma da ban tambaya ba da na tafi da labarin da babu shi. Na kuma ga wani takobin sojan ruwa da aka kankare tsatsar gindinsa har yana walƙiya, ɓarnar da ke zubar da daraja, ba a kuwa ambace ta a takardar farashi ba.

Rasiɗin da ya ba ni ya bayyana shekarar ƙira, wanda ke da muhimmanci a Ingila, inda doka tun 2008 ta hana cinikin lanƙwasassun takubba masu tsawon santimita 50 zuwa sama, in ban da irin waɗanda aka ƙera kafin 1954 ko aka yi da hannu bisa tsarin gargajiya. Ya haɗa mini da 'yar kwalbar mai da ƙyalle mai laushi, ya gargaɗe ni kada in wasa shi, kada kuma in taɓa ƙarfen da yatsa. Zan koma saboda mai tauraron nan idan na tara kuɗinsa, amma tuntun da ke jikinsa zan fara tambaya a kai.