Micro:bit a hannun ƴan siziyem ɗinmu na Tawa

Malamai ƴan'uwa da kuke tambayata ko micro:bit ya ci kuɗinsa, amsata ita ce ya ci, musamman ga yaran da ba su saba da kwamfuta ba. Ƴar ƙaramar kwamfuta ce ta koyo, ɗan allo ne da bai cika tafin hannu ba. BBC ce ta fito da shi a Birtaniya a 2016, aka raba shi kyauta ga yara kusan miliyan ɗaya ƴan shekara 11 zuwa 12, wato sa'o'in ƴan siziyem ɗinmu. Wanda muke da shi samfuri na biyu ne, na 2020, mai makirufo da ƴar lasifika.

A fuskarsa akwai fitilu jajaye 25 da maɓallai biyu, A da B. Ana tsara masa aiki a kan kwamfuta, a shafin MakeCode na Microsoft: yaro ya jawo tubalan umarni ya jera su, da Faransanci, sannan a tura ta wayar USB. Daga nan a cire shi, a sa masa pil biyu AAA, ya ci gaba da aikinsa ko an ɗauke wuta. Duk malamin da ke koyarwa a nan ya san darajar wannan.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne awon damshin ƙasa. Muka kafa ƙusoshi biyu a gwangwanin yashi, muka haɗa su da mahaɗai biyu na gefen allon, ɗaya da 3V, ɗaya da P1, da wayoyi masu bakin kada. Allon yana ba da lamba tsakanin 0 da 1023. Busasshen yashi ya ba da ƙaramar lamba, ana tsiyaya ruwa sai ga ta tana hawa, aji ya kaure da ihu. Wata yarinya da babanta ke noman albasa ta ɗaga hannu: "Mushe, zai iya yin kuka in fangali ya bushe?" Na ce ta gwada. Da kanta ta nemo tubalin sharaɗi, wato na "in kaza ya faru, yi kaza", ta saka. Darasin da nake shan wahalar fahimtar da yara a kan allon aji, ƙishirwar albasa ta koya mata shi.

Yana da nasa aibi. Ma'aunin zafinsa a cikin ƙwaƙwalwar na'urar yake, don haka in rana ta buge shi sai ya zarce gaskiya, a inuwa za a auna. Fitilun ma ba su ganuwa sosai a tsakar rana. Wayar gidan pil siririya ce, yara kuma fizga suke yi, har biyu sun tsinke mana. Buɗe MakeCode karon farko kuma sai da intanet.

Ban same shi a kasuwar nan ba, aiko mana aka yi. In za ku yi saƙo, ku haɗa da wayoyin bakin kada da rarar gidan pil. Allo ɗaya ya ishi yara uku, amma ku sa ido kada maza su kankane shi su bar ƴan mata da kallo.