Gyaran kan allurar tsohon garmaho a wani shago na Sabon Garin Kano

Garmahon da na gāda daga mahaifina ƙirar Ingila ne mai aiki da lantarki, na shekarun 1930, kuma ya fi shekara ashirin a ɗaki ba a taɓa shi ba. Da na kunna shi, faifai yana juyawa lafiya, amma sautin da ke fita siriri ne ƙwarai, yana karkarwa duk lokacin da mawaƙi ya ɗaga murya. Masu gyara biyu sun ce a cire kan allurar a ɗaura na zamani. Na uku, wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari, shi ne ya ƙi, kuma aikinsa nake son bayyanawa a nan.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai yi gaggawar kwance komai ba. Ya zare wayar da ke fitowa daga hannun allura, ya taɓa mashigarta da bakin sukudireba, nan take lasifika ta yi ruri mai kauri. "Ka ji, Alhaji," in ji shi, "amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da ranta, ciwon yana can gaba." Daga nan ya ɗora mitar auna lantarki a kan naɗin wayar da ke cikin kan, ya tabbatar ba ta tsinke ba, wanda hakan babban sauƙi ne, domin wayar ta fi gashin kai siranta, sake naɗa ta kuwa aikin kwanaki ne.

Irin wannan kai, wanda ya yaɗu bayan an soma ɗaukar sauti da lantarki a 1925, yana da mayen ƙarfe mai siffar kofaton doki, da naɗin waya, da wani ɗan ƙarfe mai riƙe allura wanda ke kaɗawa tsakanin bakunan mayen ƙarfen. Kaɗawar ce ke haifar da ɗan lantarkin da ake ƙarfafawa ya zama sauti. Roba ce ke riƙe da wannan ƙarfe a tsakiya tana tausasa motsinsa, kuma a nan matsalar tawa take. Da dattijon ya buɗe murfin, ya ɗago robar da tsinke, sai ta ruguje a tafin hannunsa kamar busasshen ƙanzo. Ƙarfen ya karkace ya manne da gefe guda, ga kuma garin ƙarfe da allurai suka zubar shekara da shekaru ya cika ratar. Ya gargaɗe ni cewa taurin robar ba sauti kaɗai yake ɓatawa ba, yana cinye faifai, tunda kan ya haura giram 100 a nauyi, allurar da ba ta iya lanƙwasawa kuwa huɗa take yi a cikin layin faifan kamar garma.

Na zauna a kan benci ina kallon yadda yake aikin. Kafin ya ajiye mayen ƙarfen sai da ya gitta wani guntun ƙarfe a bakunansa biyu don kada ƙarfinsa ya ragu. Ya tsince garin ƙarfen da salatif, ya yanko ƴar siririyar robar bawul ɗin keke ya zura a ƙafafun ƙarfen mai kaɗawa, sannan ya sa ƴan yankakkun takarda masu kauri ɗaya dama da hagu domin ya tsaya daidai tsakiya kafin ya ɗaure sukurori. Sau uku yana kwancewa yana sake ɗaurewa, yana kasa kunne, har sai da karkarwar ta ɓace. Wannan haƙuri shi ne ainihin abin da na biya kuɗi a kansa, kuma ban ga asara ba.

A cikin hira ya ce na yi sa'a da kan allurata ba mai samar da lantarki da ƙanƙarar gishirin Rochelle ba ne, irin wanda ya cika rediyo masu faifai na shekarun 1950. Wannan gishiri laima na narkar da shi, zafi mai tsanani kuma na kashe shi, saboda haka tsakanin bazara da damina a ɗakin kwano da wuya ya rayu, sai dai a musanya shi da na seramik.

Akwai inda shagon ya gaza, kuma dole in faɗa. An ce mini mako guda, sai da na yi sawu huɗu cikin mako uku, ba a kira ni ko sau ɗaya ba. Ba a rubuta rasit, kuɗin da aka faɗa da farko kuma ya ƙaru da na sauya wayar hannun allura, wadda na yarda ta ruɓe, amma ya kamata a tuntuɓe ni tun kafin a taɓa ta. Ba ya kuma sayar da allurar ƙarfe, alhali ƙa'ida ita ce a sauya ta bayan kowane gefen faifai, don haka sai mutum ya nemi wanda zai yi masa odarta daga waje.

Duk da haka zan sake kai masa aiki. Wanda zai je ya tafi da garmahon gaba ɗaya maimakon kan kaɗai, ya riƙa faifai mai juyi 78 a minti ɗaya wanda ba ya jin asararsa domin gwaji, ya kuma daidaita kuɗi da ranar karɓa a gaban shaida. Daren da na dawo da shi gida na ɗora ɗaya daga cikin fayafayen mahaifina, mahaifiyata tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya ta taho bakin ƙofa ta tsaya har faifan ya ƙare.