Asibitin Gwamnati Ko Na Kuɗi: Inda Za Ki Fara Neman Haihuwa A Kumasi

Assalamu alaikum. Ƙanwata da ta tambaya ko ta fara da asibitin gwamnati ko ta wuce asibitin kuɗi mai dashen ciki (wato a haɗa ƙwan mace da irin namiji a waje, sannan a dasa a mahaifa), ki fara da na gwamnati, kuma ki tafi da maigidanki tun ranar farko. Na taka hanyoyin biyu da ƙafata. Ɗaya ta cinye mini kuɗin adashin shekara biyu da sarƙar zinaren da mahaifiyata ta ba ni, ɗayar kuma ita ce Allah ya sanya sanadin ɗiyar da nake goyo yanzu.

Shekarata huɗu da aure ban taɓa samun ciki ba, gorin dangin miji ya fara fitowa fili, maganar ƙarin aure kuma ta kai ana yin ta a gabana. A wannan hali wata ƙawata ta kai ni wani asibitin kuɗi a nan Kumasi, inda tun ban gama bayanin abin da ya kawo ni ba aka ajiye mini takardar farashi. Zagaye uku na yi na ƙwayar Clomid mai sa ƙwai ya fito, da allurai, aka kuma zuba mini maniyyin maigidana a mahaifa sau ɗaya, amma babu wanda ya duba ko hanyoyin ƙwaina a buɗe suke, kuma babu wanda ya tambaye ni dalilin da al'adata takan yi wata biyu ba ta zo ba. Alherin da zan iya faɗi a kansu shi ne wurin yana da tsabta, ba a bin layi, kuma idan dashen ciki ya zama dole, galibin kayan aikinsa a Gana a irin waɗannan asibitoci suke.

Da kuɗi ya ƙare ne wata ungozoma a ƙaramin asibitin unguwarmu ta rubuta mini takardar turawa zuwa sashen mata na asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda dukkanmu muke kira Ji. Ina idar da sallar Asuba nake fita daga Aboabo, domin asibiti ne da jama'a suke nufa tun daga arewacin ƙasar nan, sammako ya fi. Likitar da Allah ya haɗa ni da ita 'yar Asante ce, tana jin Hausar Zango kaɗan. Abin da ta fara tambaya shi ne ina mijina. Da na ce yana kasuwa, sai ta ajiye alƙalami ta yi mini bayani cewa ciki kamar tukunya yake a kan murhu mai duwatsu uku: ƙwan mace ya fito, hanyar da zai bi ta kasance a buɗe, irin namiji kuma ya kasance mai kyau. Ta ce ba za ta rubuta mini ko ƙwaya ɗaya ba sai ta san dutsen da ya goce. Daga nan ta zauna tana tambayata abubuwan da ba a taɓa tambayata ba: yaushe na fara al'ada, kwana nawa take yi, ko na taɓa fama da ciwon sanyi mai tsanani, ko an taɓa yi mini aiki a ciki, ko nonona yana fitar da ruwa. A kan ta ƙarshen na yi shiru, domin shekara biyu ina ganin farin ruwa a rigata, kuma ko ga maigidana ban faɗa ba saboda kunya.

Kowane gwaji da ranarsa, kuma wannan ne ya sa bincike na gaskiya yake ɗaukar wata ɗaya ko biyu. An ɗebi jinina tsakanin rana ta 2 da ta 5 da fara al'ada, aka sake ɗiba wajen rana ta 21 don a ga ko ƙwai ya fito. Hoton hanyoyin ƙwai, wanda likitoci suke kira HSG, ana yin sa ne bayan jini ya ɗauke, wajen rana ta 7 zuwa ta 10. Ana tura wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto a ga ko ya wuce. Ba zan ɓoye miki ba, yana murɗa mara kamar ciwon al'ada mai ƙarfi, amma na ɗan lokaci ne.

Kawo maigida shi ne ya fi komai wahala. Kamar yawancin mazanmu, yana ganin tunda lafiyarsa ƙalau a shimfiɗa, to matsalar ba tasa ba ce. Alhali kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar, kuma gwajinsa ya fi nawa sauƙi da arha: ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi, shi ke nan. Sakamakonsa na farko ya zo ƙasa da ƙwayoyin iri miliyan 16 a kowace mililita, wanda shi ne ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Na ga fuskarsa ta canza. Likitar ba ta bari ya fita da wannan nauyi ba. Ta tambaye shi ko ya yi zazzaɓi kwanan nan, ya ce zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi watan da ya wuce. Ta ce zafin jiki yana rage iri, kuma iri yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya nuna, saboda haka ya dawo bayan wata uku. Da ya dawo komai ya daidaita. Yadda ta rufa masa asiri a gabana ranar nan, tana kiransa Alhaji cikin girmamawa, shi ya sa daga baya da kansa yake tuna mini ranar komawa asibiti.

Tawa matsalar ta fito a jini. Sinadarin furolaktin, wanda yake sa nono ya kawo, ya yi yawa a jikina, kuma shi ne yake hana ƙwai fita, kamar yadda mai shayarwa takan daɗe ba ta ga al'ada ba. Aka ɗora ni a kan wata ƙaramar ƙwaya, bromokiriftin, ina sha da dare bayan abinci. Makonni biyun farko na sha jiri da tashin zuciya, a wata na uku al'ada ta fara zuwa a kan lokaci, a wata na takwas kuma ba ta zo ba. Ranar da aka yi hoton ciki, likitar ta juyo da allon na'urar wajena, ta nuna mini wani ɗigo yana bugawa, ta kama hannuna ta ce da Hausarta, "Barka, Hajiya." Kuɗin maganin watanni takwas ɗin nan gaba ɗaya bai kai na zagaye ɗaya a wancan asibiti ba.

Sai dai ciwona ba shi ne ciwon kowa ba, kada labarina ya sa ki yi zaton ƙwaya ce maganin komai. Idan hoto ya nuna hanyoyin ƙwai biyu sun toshe, abin da ciwon sanyin da ba a yi maganinsa ba yake yawan jawowa, ko irin maigida ya yi ƙaranci ƙwarai, to dashen ciki ne mafita, kuma a lokacin ne zuwa asibitin kuɗi yake da ma'ana, kina riƙe da sakamakonki a hannu. Shekaru ma suna da hukunci: wadda ba ta kai 35 ba takan jira shekara guda kafin a fara bincike, wadda ta haura kuma wata shida ya isa, wadda ta kai 40 kada ta jira ko kaɗan.

Dashen ciki ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, tun 1995 aka haifi jariri na farko ta wannan hanya a Tema, amma inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan kuɗinsa, daga aljihunku zai fito. Idan kun kai can, ki tambaye su jarirai nawa aka haifa ga mata sa'o'inki, ba gwajin ciki nawa ya nuna an samu ba, domin tsakanin biyun akwai ɓari. A Birtaniya, alƙaluman dashen ciki na 2019 sun nuna haihuwa 32 cikin 100 ga matan da ba su kai 35 ba, da 11 kacal ga masu 40 zuwa 42, saboda haka duk wanda ya ba ki tabbacin samu ba gaskiya yake faɗa miki ba. A rubuta muku ko farashin ya haɗa da allurai, da ajiye ragowar 'ya'yan tayi a ƙanƙara, da zagaye na biyu idan na farko bai kama ba. Ki nemi ganin lasisin HeFRA, hukumar da take sa ido a kan asibitoci, ki kuma tabbatar likitan yana cikin rajistar majalisar likitoci ta Gana. Akwai kuma batun addini, wanda ba kowane asibiti ba ne zai tuna muku da shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashen idan ƙwai na matar ne, iri na mijinta ne, kuma a mahaifarta za a dasa, ta haramta shigowar na uku. Wasu asibitoci suna ba da ƙwai ko irin wani, don haka ku faɗi matsayinku tun farko, ku karanta duk takardar da za ku sa wa hannu.

Ba ki tambaya ba, amma dole in ja kunnenki a kan masu tallar magani a cikin mota, da kasuwar Kejetiya, da rediyo, da waɗanda suke TikTok suna cewa a turo kuɗi ta waya. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma sun san haka. Babu jiƙon da yake buɗe hanyar ƙwai da ta toshe, babu wanda yake narkar da ƙarin mahaifa, matsin da suke bayarwa kuma yakan ƙona gaba ya ƙara sanyi a kan sanyi. Mafi muni su ne masu ce wa mace cikinta ya kwanta, na'urar asibiti ba za ta gan shi ba, ta ci gaba da biya wata bayan wata. A 2024 binciken BBC ya fallasa irin wannan damfara a jihar Anambara ta Najeriya, inda ake ƙarewa da miƙa wa mace jaririn da ba nata ba. Haka nan kada ki sayi Clomid a kantin magani bisa shawarar ƙawa, domin yana iya kumbura ƙwai kuma likitoci ba su cika wuce zagaye shida da shi ba, kada kuma ki yarda a yi miki wankin ciki don kawai a ce zai kawo haihuwa, yakan bar tabo a mahaifa.

Ki je ƙaramin asibitin unguwarku da katin inshorarki ki karɓi takardar turawa zuwa Ji, ko asibitin Korle Bu idan kina Akara. Ki rubuta ranakun al'adarki na wata shida a takarda, ki haɗa duk magungunan da kika taɓa sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, ki nuna wa likita ba tare da kunya ba. Ki fara shan folik asid tun yanzu, ki riƙe addu'ar Annabi Zakariyya ke da maigidanki. Allah ya kawo rabo mai albarka.